Gwangwanin Man da Na Tafi da Shi Kamaru

Tun da na dawo daga Kamaru ban huta ba. In na buɗe rumfata da safe a Ƙofar Mazugal, kafin in gama rataye tayoyi wani ya ja birki a gabana: "Malam Garba, yaya ƙasar Faransa?" In na koma gida Sheshe da yamma, 'yan majalisar ƙofar gidanmu su tare ni, wai sai na ba su labarin duwatsu. Nakan ba su na burodi da na jandarma, su yi dariya, in shige gida. Akwai wanda ban taɓa ba su ba, kuma shi ne ainihin labarin. Na ga gara in rubuta shi sau ɗaya tun daga tushe, wanda ya iya karatu ya karanta wa na kusa da shi, ni kuma a bar ni in yi facina.

Ni mai gyaran keke ne, na fi shekara talatin ina yi. Wanda ya ja ni tafiyar kuwa ɗana ne, ɗan fari. Kun san al'adarmu, ba na kama sunansa, uwarsa ma ba ta kamawa. Tun yana zanin goyo "yaron nan" muke cewa, in kuma kiransa zan yi sai in ce "kai". A rubutun nan zan ce masa Likita, kamar yadda mutanen da yake wa aiki suke ce masa, ko da yake malamin asibiti ne. A shekarun nan da soja suka koma bariki aka dawo mulkin farar hula, bautar ƙasa ta kai shi wani ƙaramin asibiti a kan dutse gaba da Mubi. Da ya gama suka riƙe shi. Duk ranar Talata sai ya sauko ƙasa ya ɗauko allurar rigakafi a cikin akwatin ƙanƙara. Mota ba ta hawa wajen. Babur ma akwai inda sai an ɗaga shi an tsallakar da shi duwatsu, mutum ɗaya ba zai iya ba. Sai ya aiko in haɗa masa keke mai giya.

Na shiga kasuwa na zaɓo wanda ya fi kowanne sheƙi. Sannan na yi masa aikin Kano. Na cire birkin gaba, don tun ina koyon sana'a maigidana ya ce min birkin gaba shi ke kifa mutum, kuma yanzu haka akwai akwati guda a rumfata da na tara waɗanda na cire wa mutane. Sifirin ƙafafun gaba na ga yana rawa, na kai wa mai walda ya ɗaure shi. Taya na ba ta iska har ta zama dutse. Sirdi na ɗaga shi sama yadda ƙafa za ta miƙe. Na bi kowace gaɓa da baƙin mai. A Kano keken nan sai ya shekara goma bai ce uffan ba. To amma garinmu shimfiɗe yake kamar tabarma. Tudun da na sani a rayuwata Dala ne da Goron Dutse, su ma da ƙafa ake hawan su.

Bai yi wata biyu da keken ba wani direba ya kawo mana wasiƙa. Likita ya faɗi a gangara, ya karye a kafaɗa. Ya rubuta cewa ya matse birki, tayar baya ta kama tana jan ƙasa, keken kuwa bai tsaya ba. Bai ɗora wa kowa laifi ba. Na karanta wa uwarsa tana tsince shinkafa. Ta ce, "Kai ka haɗa keken?" Na ce ni ne. Ta mayar da kai kan farantinta. Wallahi da zagina ta yi da ya fi min sauƙi.

Daga ranar tsoro ya shige ni. In na ga mutum ya wuce a keke da gudu sai gabana ya faɗi. Da wasiƙa ta biyu ta zo cewa ya warke, zai koma sauka da kansa, kuma ya ji labarin wani mutum a tsallaken iyaka da ke ba Turawa 'yan yawon buɗe ido hayar kekunan hawa dutse, yana kuma sayar da tsofaffin, sai na ce kada ya saya sai na zo. Ni zan zaɓa. Har a lokacin ina ganin ni ne na san keke.

Na sa riga biyu a jaka, da sufana, da filaya, da ɗan gwangwanin baƙin maina mai dogon baki, wanda ko gidan biki za ni yana aljihuna. Har Gombe babu abin ba da labari. Daga wajen Biu ne ƙasa ta fara canza hali. Mota ta hau, ta hau, kunnena ya toshe, sai kuma ta sunkuyar da kai ta kama gangara, ga kwari a gefe ba a ganin ƙasansa. Na riƙe kujerar gabana da hannu biyu ina salati a bayyane. Wata dattijuwa da ke kusa da ni da kwandon kaji a cinya ta dube ni ta ce, "Bakano ne ko?"

Na ce, "Eh, Baba."

Ta ce, "Saki kujerar nan, bawan Allah, ba ita ke riƙe da motar ba. Wannan ai ba dutse ba ne, sai ka wuce Mubi."

Mota ta kwashe da dariya. Ni ban yi ba, don tunanina yana wani wajen. In wannan ba dutse ba ne, to a kan me na ɗora yaron nan da birki ɗaya?

A tashar Mubi na same shi yana jirana. Ya rame, kuma kafaɗar dama ta ɗan fi ta hagu sauka. Ya durƙusa ya gaishe ni. Na kawar da kai kamar yadda muka saba, na ce, "Ka warke?" Ya ce, "Na warke, Baba." Iyakar abin da muka ce ke nan a kan karayar. Washegari a hanyar iyaka ya nuna min wani dutse can gefen hagu, ya ce ƙauyensu yana bayan wancan tsinin. Na ɗaga kai har hulata ta nemi faɗuwa. Akwai wani farin zare da ya sauko daga sama yana lanƙwasa, na tambaye shi ko hanyar ruwa ce. Ya ce hanyarsa ce.

A kan acaɓa muka isa iyaka. Jami'anmu na wannan gefen suka duba takardu suka ce mu wuce. A can gefen wani jandarma dogo, irin 'yan sandansu, ya zazzage jakata a kan tebur. Ya ɗaga sufana, ya ɗaga filaya, ya shinshina gwangwanin mai, ya yi wata magana da Faransanci fuska ba walwala. Na ce a raina shi ke nan, ɗan Sheshe zai kwana a sel ɗin ƙasar da bai iya gaisuwarta ba. Likita ya yi masa bayani da Fulatancin da ya tsinta a Mubi, don a arewacin ƙasar da shi ake ciniki. Sai jandarman ya shige ɗaki ya fito yana jan wani tsohon keke, sarƙarsa tana kuka kamar ƙofar zaure. Na tsuguna na ɗaure abin ɗaurewa, na bi sarƙar da mai ɗigo ɗigo. Ya hau ya zaga fili, shiru kake ji. Ya sauko ya kama hannuna da hannu biyu yana girgizawa, ya ce wa Likita ubansa babban bakanike ne. Na mayar da gwangwanina aljihu kaina ya yi girma.

Garin da muka nufa yana tsakiyar wasu duwatsu masu tsini, a tsaye kamar an kafa su da hannu. Mutanen wajen ba sa barin gefen dutse ya zauna banza. Sai su jera duwatsu su tare ƙasa, hawa hawa kamar matakala, su shuka dawa a kowane hawa, wani faɗinsa bai fi tabarma biyu ba. Na tuna yadda muke raina gona in ba ta kai a yi kiran mutum daga wannan kai bai ji a wancan ba. Muka sauka a gidan wata Bafulatana da ake ce wa Dada Asta, mai ɗakunan baƙi uku. Ta ba mu tuwon jar dawa da miyar yakuwa mai tsami har cikin kunne. Burodinsu kuwa shi ne wanda na sha ba ku labari: dogo kamar sandar makiyayi, ba leda ba takarda, mutum ya saƙala shi a hammata ya tafi. Na ce da Dada Asta a Kano in ka yi wa burodi haka ba mai ci. Ta ce a nan ma baƙi ake ba wa na hammatar. Har yau ban sani ba ko wasa take yi.

Mai kekunan sunansa Zira, ɗan asalin duwatsun ne, gajere mai faɗin ƙirji, ƙwaurinsa duk tabo. Hausar kasuwar Mubi yake ji. Da muka shiga gidansa na ga kekuna jingine da katanga, idona ya faɗa kan wani jibgege, ƙafafun gabansa kamar na babur, ga wani sifirin mai kauri a ƙarƙashin sirdi. Na dafa shi na ce, "Wannan."

Zira ya ce, "Ɗaga shi, Baba."

Na ɗaga, da ƙyar ya bar ƙasa.

Ya ce, "Wannan na gangara ne kawai. Turawa a mota ake kai musu shi sama, su sauko, a sake kwasar su. Likita wa zai kai shi sama? Shi mai hawa da sauka yake so, wanda in hanya ta ƙare zai saɓa shi a kafaɗa."

Ya jawo wani koɗaɗɗe, fentinsa duk ya goge, sifirin a gaba kawai. A kasuwarmu ko kallonsa ba zan yi ba. Ya ce in bi duk inda aka yi walda da farce, in na ji tsaga ko siririya ce, a bar keken ko kyauta ne. Na bi, ban ji ba. Ya danna kan keken da ƙarfi, ƙafafun gaba suka nutse, suka taso a hankali. Ya ce na banza tsalle yake kamar kwaɗo, na kirki shi ke shanye dutse ya bar taya a ƙasa. Na tuna mai waldata. Ya sa Likita ya tsaya keken yana tsakanin ƙafafunsa, ya auna da tafin hannu ko akwai sarari tsakaninsa da ƙarfen sama, don in mutum ya dira ba shiri kada ƙarfen ya same shi. Ya nuna mana faɗin kan keken, ya ce mai faɗi ne ke ba hannu iko in taya ta ci karo. Sannan ya tsuguna ya sace wa tayoyin iska ina kallo. Na ce, "Kai, Malam, ai ka kashe tayar!" Ya ce taya mai tauri tsalle take a kan dutse, mai ɗan laushi kuwa kama shi take yi.

Birkin ban taɓa ganin irinsa ba. Ba roba ce ke matse gefen taya ba. Wani faifan ƙarfe ne kamar murfin langa a tsakiyar kowace taya, da wani ɗan baki da ke cizon sa. Na duba na gaba, bakina ya riga hankalina, na ce, "Wannan dai za a cire."

Zira ya dubi kafaɗar Likita, ya dube ni.

Ya ce, "Baba, a gangara nauyin mutum gaba yake komawa. Tayar baya ba ta da nauyi, in ka matse ta ja kawai take yi a ƙasa. Na gaba ne ke tsayar da keke, sai dai a san yadda ake matsa shi. Wa ya haɗa masa wancan da ya faɗi da shi?"

Kafin in buɗe baki Likita ya ce, "A kasuwa aka saya."

Rufa min asiri ya yi, kuma hakan ya fi min ciwo. Kunya ta rufe ni. Na ce bari in yi alwala, alhali la'asar da saura. Na fita na bar Zira yana tsugune yana yi masa bayanin faifan. Abin da ya faɗa a bayana ban ji ba.

Zira yana da ƙa'ida: ba ya sayar wa kowa keke sai sun sauko dutse tare ya ga zamansa a kai. Da yake gangarar da yake gwaji a bayan gidan Dada Asta take farawa, ya ce mu tafi da keken, zai same mu da hantsi. Da gari ya waye na fito tsakar gida na ga keken a jingine. Na ce bari in yi wa yaron nan wani abu da hannuna, ko na rage nauyin da ke raina. Na tura shi, sai na ji wani ɗan ƙara siriri daga wajen faifan. Shekara talatin kunnena bai taɓa jin ƙarfe yana kuka hannuna ya ƙyale ba. Ban ma yi tunani ba. Na zaro gwangwani na ɗiga wa faifan gaba uku, na baya uku, na juya tayoyin man ya zagaye. Ƙaran ya ɗauke. Na ji daɗi har da murmushi, na shiga na sha shayi.

Da hantsi muka hau bakin gangarar. Hanya ce ta ƙafa, faɗinta bai fi kamu uku ba. Da farko a hankali take sauka, sai ta miƙe ta yi tsaye, sannan ta yi kwana a jikin wani ƙaton dutse. Ta hagu gonakin nan ne masu hawa hawa, an girbe dawa saura kara. Zira ya ce bayan ƙaton dutsen, ta dama, kwazazzabo ne, daga sama ba a ganin sa sai an iso.

Ya sauke wa Likita sirdi ƙasa. Ya ce ya tashi tsaye a kan feda, ya ja jikinsa baya, ya sa yatsa ɗaya a kowane birki, ya matsa su tare a hankali. Ya ce, "Kai za ka yi gaba, ina binka in ga zamanka. Ka gwada birki kafin ka tashi." Likita ya ja keken ya matsa gaba kaɗan yana ɗaura hular kwano. Zira ya juyo zai hau nasa, sai idonsa ya faɗa kan bakin gwangwanin da ya leƙo daga aljihuna. Ya yi dariya ya ce, "Baba, wannan dai ya yi zamansa a aljihu. Sarƙa ce ke shan mai. Ɗigo ɗaya a faifan nan, birki ya mutu."

A nan ne wurin da ban taɓa ba ku ba.

Na ji shi sarai, kuma na gane. Da na buɗe baki a lokacin, da ba abin da ya faru. Amma na yi shiru. Na tuna jiya, na tuna yadda ya dubi kafaɗar yaron nan ya dube ni. Zuciyata ta ce ɗigo uku ne kawai, ƙila ya bushe, ƙila yana gwada birkin zai ji da kansa ba sai na tona kaina a gaban baƙo ba. Shirun bai fi numfashi uku ba. Da na ɗaga kai, Likita ya riga ya tura feda, bai gwada komai ba.

Na ga bayansa yana nisa. Na ga ya tashi tsaye ya ja jiki baya yadda aka koya masa. Ya isa inda hanya ta miƙe, na ga gwiwar hannunsa ta motsa, ya matse birki. Keken ya ƙara gudu. Na ce, "Kai! Kai!" Iska ta kwashe. Wa zai san da shi ake a kan dutse in an ce "kai"? Zira ya dube ni, ya ga fuskata, ya faɗa kan kekensa ya bi shi, amma tazarar ta yi yawa. Ƙaton dutsen nan yana matsowa. Ban san sanda na cika ƙirjina ba.

"Nasiru! Nasiru, faɗi! Babu birki!"

Duwatsun suka maimaita sunan suka dawo min da shi. Bai waiwayo ba. Na ga ya saki kan keken, ya wurga jikinsa hagu. Ya faɗa kan karan dawa, ya mirgina daga wannan hawa ya faɗa na ƙasa, ya tsaya. Keken ya ci gaba shi kaɗai, ya wuce ƙaton dutsen, ya ɓace. Sai da na ƙirga a raina kafin na ji ƙarar faɗuwarsa daga can ƙasa, kuma wannan jiran ne har yau yake tashina tsaye in na tuna.

Ban san yadda na sauka ba. Takalmina ɗaya a can na bar shi. Na same shi a kwance, kara ya yage masa riga da fatar hannu, haɓarsa tana jini, amma idonsa biyu, yana taɓa kafaɗar da ta karye yana gwada ɗaga ta. Ta ɗagu. Na zube a gefensa.

Zira da wasu manoma biyu suka zagaya ta ƙasa suka ɗauko keken. Tayar gaba ta naɗe, amma jikinsa bai tsage ba. Zira ya shafa faifan da yatsa, ya shinshina, ya ce, "Wa?"

Na ce, "Ni ne."

Na jira ya zage ni, kuma da ya yi da ban ce komai ba. Sai ya zauna a kan dutse ya goge yatsansa a wando. Ya ce, "Baba, ni ma farkon zuwan irinsu na yi. Sai dai ni a kaina na gwada." Ya nuna min tabo mafi tsawo a ƙwaurinsa.

A gidan Dada Asta, bayan azahar, Likita ya zauna a bakin gado yana wanke ciwonsa da kansa. Ta kawo ruwan zafi ta fita. Na zauna a tabarma na kasa kallonsa. Na ce, "Akwai abin da ban faɗa a can ba. Na sani kafin ka tashi. Mutumin nan ya faɗa min, na ji kunya na yi shiru."

Ya daɗe yana naɗe hannunsa da bandeji. Sannan ya ce, "Ni ma ya ce in gwada birki, Baba, ban gwada ba."

Na ce, "Don me?"

Ya ce, "Na hango ka ta taga da safe kana tsugune a kansa. Ban ga abin da kake yi ba. Na ce tunda hannun Baba ya taɓa shi, an gama."

Na sunkuyar da kai. Da ya ce ya tsane ni da na iya ɗauka. Can na ce, "Daga inda kake ba a ganin kwazazzabon. Ka ji na ce babu birki?"

Ya ce, "Ban ji ba, iska ta yi yawa. Sunana kawai na ji." Ya ɗaure bakin bandejin da haƙori. "Tun da aka haife ni ban taɓa jin sa a bakinka ba. Na san ba ƙaramin abu ne zai fito da shi ba."

Kwana uku muka ƙara a garin. Zira ya canza tayar, ya jefar da abin cizon faifan ya sa sabo, don ya ce in ya sha mai ba ya wankuwa. Faifan kuwa ya wanke shi ina riƙe masa, ni da aka ce wa babban bakanike a iyaka. Na tambaye shi duk abin da na guje wa ji ranar farko, ya kuma faɗa min bai gaji ba. Rana ta uku Likita ya sake hawa bakin gangarar nan. Kafin ya tashi ya matse birkin gaba, ya tura keken, tayar baya ta ɗaga sama. Ya matse na baya. Sannan ya sauka a hankali, ya tsaya cak a gindin ƙaton dutsen ya ɗaga mana hannu. Muka sayi keken. Na raka shi har ƙauyensu da ƙafa, na ga hanyar da idona, kwana da kwana, na dawo Kano da ita a kaina.

Uwarsa na faɗa wa komai, ban rage ba, har da shirun. Yanzu kun ga dalilin da ya sa akwatin nan na rumfata yake raguwa. Duk keken da ya shigo hannuna ba birkin gaba, sai na mayar masa, mai shi ya so ko ya ƙi. Kuna ta cewa Garba ya je Kamaru ya dawo da sabon salo. Gwangwanin yana nan, a rataye a ƙusa, sarƙa kawai yake gani.

Tsoron kuwa bai tafi ba, kuma na daina sa ran zai tafi. Sunan ban sake faɗinsa a bayyane ba, mun koma yadda muke. Amma duk ranar Talata da hantsi, lokacin da na san ya kama gangara da akwatin a bayansa, in kun zo kun tarar na ajiye sufana bakina yana motsi, kada ku tambaye ni labarin burodi. Yaron nan nake kira.